Wata Uku Babu Taba

Ban je Alƙahira don in yi ƙiba ba, karatu na je yi. A tsakiyar shekarun 1970 na sauka, siriri kamar sandar rake, da akwatin ƙarfe da takardar tallafin karatu, da niyyar in koma gida malami. Shekara uku na yi muna kokawa da nahawu, nahawu ya kayar da ni. Abin da na iya shi ne Larabcin titi, na direbobin bas da masu sayar da wake, kuma shi ne ya ci da ni. Ofishin jakadancinmu yana neman wanda zai riƙa bin takardu, aka ce ai ga wani ɗalibi can mai baki, aka ɗauke ni.

Aikin ba shi da wani suna na ƙasaita. Idan izinin zaman ɗalibi ya ƙare, wanda muke kira iƙama, ni ne. Idan motar ma'aikaci ta maƙale a tashar jiragen ruwa, ni ne. Haihuwa ni ne, mutuwa ma ni ne, don ba a binne baƙo sai da takarda. Na san kowane bene da kowace taga, na san wanda ke fushi da safe da wanda ba a tunkararsa sai ya sha shayi na biyu. Kayan aikina uku ne: jakar fata, biro, da kwalin taba a aljihun kwat.

Kada mai karatu ya ɗauka cin hanci nake nufi. Karan taba ɗaya ba ya sayen kowa. A ofisoshin Masar na wancan zamani taba wata irin sallama ce. Ka shiga, ka gaisa, ka buɗe kwali ka miƙa, ka ce “itfaddal”, wato bismillah. Ya zari ɗaya, ka kunna masa tukuna, sannan ka kunna taka. Daga nan har ta cinye, kai baƙonsa ne, kuma ba a barin baƙo tsaye da takarda a hannu. Idan shi ya riga ka miƙowa, to ba a mayar da hannu. In ka ce a'a zai rantse, in ka sake cewa a'a ya sake rantsewa, ta uku kuwa ka ɓata. Haka ni, wanda da mahaifina ya gan ni da taba a baki da sai ya ce ba shi ya haife ni ba, na wayi gari ina shan kwali biyu a rana.

Kowace taba kuma da shayinta, shayi mai sukari har ya kwanta a gindin kofi. Tsakanin ofis da ofis akwai mai wake da burodi, akwai mai kushari, shinkafa da taliya da waken nan ƙanana a kwano ɗaya, akwai mai kayan zaƙi da ya san ni har yana ajiye min gefen faranti inda ya fi ƙonewa. In na dawo gida a unguwar Ard al-Liwa kuma matata ta tuƙa tuwo, don ta ce ba ta baro garinsu don mijinta ya manta miyar kuka ba. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, ina son ci. Jikin ya riƙa ƙaruwa a hankali, telan da ke min kwat yana faɗaɗawa yana min kirari, har ranar da na hau sikelin kantin magani allurar ta tafi ƙarshe ta tsaya, mai kantin ya kawar da kai kamar bai gani ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 abin ya daina zama na dariya. Hawan jini ya zo, ciwon sukari ya biyo shi. Sujada ta gagare ni, na koma salla a kan kujera ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, tsofaffi suna goshi a ƙasa ni ina zaune kamar alƙali. Safa ma matata ke sa min kowace safiya, ta durƙusa tana mita, ni ina kallon rufi. Wata rana lif ya lalace a wani katafaren ginin gwamnati da ke tsakiyar gari, na hau da ƙafa, a bene na huɗu idona ya rufe. Na farfaɗo na ga kaina a zaune kan matakala, wata mata mai sayar da kan sarki tana min fifita da fayil ɗina.

Likitan da aka tura ni wurinsa a unguwar Mohandessin bai jima da dawowa daga karatu a waje ba, kuma yana cikin 'yan kaɗan da ke yin wani sabon aiki a lokacin. Ya zana min tumbi a bayan takardar magani, ya ja layi a samansa. Ya ce za a buɗe ciki a maƙale tumbin da 'yan ƙarafa, irin yadda muke maƙale takardu a ofis, ya rage ɗan wurin da bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Na tambaye shi in ban yi ba fa. Ya ce, “Ya Hajj, ni ba na sanin gaibu. Amma zuciyarka tana jan kayan mutum biyu, kuma ta fara gajiya.” Sannan ya kalli yatsuna biyu da taba ta rina, ya ce ba zai taɓa ni da wuƙa ba sai na bari, don huhun mai shan taba ba ya son maganin sa barci, ɗinkinsa kuma ba ya saurin kamawa.

Ba ni da halin wannan aiki daga aljihuna, ko kusa. Abin da nake da shi shi ne inshorar lafiya da ofis ya yi wa irinmu da aka ɗauka aiki a nan Masar. Kamfanin inshorar ya ce zai ɗauki nauyi, amma da sharaɗi: in yi wata uku cur ban sha taba ba, likitansu ya duba ni ya sa hannu. Akwai kuma abin da duk ma'aikata muka sani, cewa abubuwa sun yi tsauri a gida, kuma in shekarar ta ƙare ba za a sabunta mana inshorar ba. A farkon watan Yuni muke. Na ƙirga da yatsu na ga akwai lokaci har da rara.

Makon farko a gida ban ji da daɗi ba, su ma ba su ji ba. Kaina ya riƙa sara kamar ana daka a ciki. Na yi wa matata tsawa a kan gishiri, na yi wa 'ya'yana mata biyu tsawa a kan rediyo, na yi wa mai gadin gidanmu tsawa a kan abin da har yau ban tuna ba. Na sayi goro wurin ɗaliban da suka dawo hutu, na tauna har haƙorana suka yi ja, na cinye asuwaki ya fi a ƙirga. Matata ta kwashe farantan toka ta zubar, ta wanke labule, ta shanya katifa a baranda. Ta ce, “Malam, yi ta faɗanka. In dai faɗa ne kawai, na saba da wanda ya fi wannan.” A gida kam na bari, wannan gaskiya ne, ko kara ɗaya ban kunna ba.

Ofis ne matsalar. Ranar farko da na fita, hannuna ya kai aljihu tun kafin in gama sallama. To me zan ce wa mutumin da muka shekara goma muna kunna wa juna? In ce ba ni da lafiya? A wurinmu namiji ba ya zama gaban maza yana ba da labarin cikinsa. Ciwon ma da wani ne da sauƙi, amma a ce mutum ya ci abinci har sai an ɗinke masa tumbi, wannan abin kunya ne da ko 'yan'uwana na gida ban rubuta musu ba. Sai na samo dabara, kuma na yi murna da ita ƙwarai. Zan miƙa, in kunna masa, in kunna tawa, in riƙe ta a hannu ta ci kanta. Ba wanda ya ɓata, ba wanda ya sani.

Sai dai taba ba ta kamawa sai an ja sau ɗaya. Wannan ja ɗaya na lissafa shi cikin aiki. Idan hira ta yi tsawo mutumin yana kallona, sai in ƙara ɗaya don kada ya lura. Idan takarda ta ƙi fitowa raina ya ɓaci, sai in tarar na ƙara biyu ban sani ba. Ofis shida ko bakwai a rana, wata uku. In na dawo matata ta karɓi kwat ta sunsuna ta dube ni, sai in ce hayaƙin mutane ne, ai kin san yadda ofisoshin nan suke. Ba ta taɓa cewa in rantse ba, ni ma ban taɓa tayin rantsuwar ba, kuma mu duka mun san dalili.

A farkon Satumba na je wurin likitan inshora. Wani dattijo ne ramamme mai farar riga, ofishinsa ƙal-ƙal, taga a buɗe, babu ko farantin toka a kan tebur. Da a ce hankalina yana jikina da wannan kaɗai ya ishe ni gargaɗi. Amma gabana faɗuwa yake, ga mutum a bayan tebur, ga takardata a gabansa tana jiran sa hannu, kuma jikina ya san abu ɗaya ne ake yi a irin wannan wuri. Na gaishe shi, na zauna, na zaro kwalin na buɗe na miƙa masa.

“Itfaddal, ya Dakta.”

Sai da kalmar ta fita na ga abin da ke hannuna. Ya dubi kwalin, ya dube ni. Ya karɓa, kwalin gaba ɗaya, ya leƙa ciki.

“Bakwai babu,” ya ce. “Kuma yanzu ƙarfe goma sha ɗaya.”

“Na aiki ne, ya Dakta. Mutane nake ba. Ni na bari tun watan Yuni.”

“Tamam,” ya ce, wato to shi ke nan. Ya jawo aljihun tebur ya ajiye min wata 'yar kwalba. “Ga banɗaki can. Abin da ka sha yana fita a fitsari, za mu aika a duba.”

Na shekara goma sha biyu ina sa takarda ta faɗi abin da nake so ta faɗa. Na san wanda ake roƙo, na san wanda ake yi wa barkwanci, na san wanda ake aika wa ɗan'uwan matarsa. Ina tsaye a banɗakin nan da kwalba a hannu, wallahi sai da na yi tunanin wa na sani a ɗakin gwaji. Ban san kowa ba, kuma ko na sani, abin da ke cikin kwalbar daga jikina ya fito.

Bayan kwana biyar wasiƙa ta zo, layi uku. Ba a amince ba. Ana iya sake gwaji bayan wata uku. Na ƙirga: farkon Disamba ke nan, kuma dole a yi aikin kafin shekara ta fita. Rarar da nake taƙama da ita na ƙone ta a ofisoshin mutane, ja ɗaya ja ɗaya.

Na so matata ta yi faɗa, da na samu abin mayarwa. Ta sa na karanta mata wasiƙar na fassara, ta ci gaba da tsince shinkafa a tire. Can ta ce, “Malam, safar nan da nake sa maka ban gaji ba, ko shekara nawa ne zan sa. Amma ban zo ƙasar mutane don in koma gida da yara biyu ni kaɗai ba. Kana jin kunyar ma'aikatan gwamnati. Ni fa, ba ka jin tawa?” Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, don sai a ranar na yarda har cikin raina cewa ina iya mutuwa.

Washegari na fita da aljihu babu komai. Ban san hannu yana da nauyi ba sai ranar. In na zauna gaban ma'aikaci sai in rasa inda zan ajiye shi, in ɗora a gwiwa, in ɗora a jaka, in shafa gemu. Har yanzu dai ban iya faɗin gaskiya ba, sai na fake da azumi. Litinin da Alhamis in aka miƙo sai in ce ina azumi, nan take a janye hannu a ce Allah ya karɓa. Don kada in yi ƙarya da ibada sai na riƙa yin azumin da gaske, wanda ya ba likitana mamaki da ya ga nauyina ya ɗan sauka. Na tattara duk manyan ofisoshi na mayar da su waɗannan kwana biyu, har aka fara kirana Shehi ana tambayata fatawa.

Amma mako ba Litinin da Alhamis kaɗai ba ne. Sauran ranakun na riƙa cewa maƙogwarona ke ciwo, ko yanzu na kashe wata. Wasu suka ƙyale. Wasu suka rantse sau biyu, na ƙi, fuska ta canza. Takardar da take fita kafin azahar ta koma “bukra”, gobe, goben kuma ta haifi wata goben. Wani ma ya ce min a gaban mutane, “Ko ka yi girma ne yanzu, ya Hajj?” A wurin aiki aka fara tambaya me ya same ni, motar wani babba ta kwana tara a tasha. Na riƙa komawa gida raina a ɓace, bakina yana neman taba kamar zan yi kuka.

Akwai mutum ɗaya da na ƙi zuwa wurinsa sam. Shi ne babba a sashen iƙamar baƙi, dattijo mai kusan shekara sittin, tabaransa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Shi ne mutum na farko da na taɓa miƙa wa taba a rayuwata, shi ya nuna min yadda ake jera takardu da inda ake manna kan sarki. “Ɗana” yake ce min, ni kuma in ce “ya Ustaz”. Ba zan iya yi masa ƙaryar azumi ba, ba kuma zan iya mayar masa da hannu ba. Sai na yi ta ɗaga zuwa, mako biyar, alhali fasfo ɗin ɗalibai uku suna jakata, iƙamarsu ta kusa ƙarewa. Da ɗayansu ya zo ya same ni ya ce saura kwana huɗu, kuma an ce za a hana shi zama jarrabawa, na ga babu sauran wurin ɓuya. Ranar Laraba ce.

Na same shi yadda na saba samunsa, fayiloli sun kai masa kafaɗa. Ya tashi ya rungume ni iya inda hannunsa ya kai, ya ce ina na shiga, ya aika a kawo shayi. Na zauna na ajiye fasfo ɗin. Ya dubi aljihun kwat ɗina, ya jira. Na dubi bango. Da ya ga shirun ya yi yawa, ina jin ya ɗauka babu ce ta kama ni, sai ya jawo aljihun teburinsa a hankali ya fito da wani kwali da ya ɗan tsufa, ya miƙo min yana kallon wani wuri don kada in ji nauyi.

“Itfaddal, ɗana.”

Na dubi karan da ya ɗan turo waje. Kwana talatin da biyar ke nan ban ja ko sau ɗaya ba. In na karɓa, babu wasu wata ukun a cikin shekarar. In na ƙi, ga fasfo uku a kan tebur, ga mutumin da ya fi kowa yi min alheri a garin.

Na ce, “Ya Ustaz, ka yafe ni. Ba zan iya ba.”

“Wallahi sai ka ɗauka.”

“Kada ka rantse, don Allah. Ba ni da lafiya.” Daga nan bakina ya ɓalle. Na faɗa masa komai, tumbin da ƙarafan da kwalbar fitsarin, da kujerar da nake salla a kai, da abin da matata ta ce. Na ce masa, “Za su buɗe min ciki, kuma tsoro nake ji. In na sha wannan ba za a yi aikin ba, in ba a yi ba ban san ko zan ga auren 'ya'yana ba.” Ban taɓa faɗa wa namiji irin wannan magana ba, ko da Hausa, balle da harshen wasu. Gumi ya jiƙa min wuyan riga.

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Sai ya mayar da karan ciki, ya rufe kwalin, ya jefa a aljihun tebur. Ya fara dariya, dariyar ta juye tari, tari mai zurfi da sai da ya dafa tebur. Da ya lafa ya goge ido ya ce, “Shekara shida ke nan likita ya hana ni. Ƙirjina ya lalace. A gida ba na sha, matata ta ɗauka na bari. Wannan kwalin na baƙi ne.”

Na ce, “Amma kullum na zo muna sha tare.”

“To ya zan yi? Kai baƙo ne a ƙasarmu, ka hawo bene shida da wannan jiki, ka miƙo min hannu. In mayar? Kai da wasu mutum huɗu ko biyar, naku kawai nake sha.” Ya girgiza kai. “Ma'alish, ba komai. Da ka faɗa tuntuni, ɗana, da mun huta mu duka.”

Sau biyu ko uku a mako nake zuwa wurinsa, wani zuwan kara biyu, shekara shida. Na sha jin tarin nan, na ɗauka na tsufa ne, ko kuma ban so in ɗauke shi komai ba. Aka kawo shayi muka sha, hannuwanmu babu komai, kamar mutum biyu da aka tsare a ɗakin jira. Ya buga wa fasfo ukun hatimi kafin kofin ya huce. Da zan fita ya ce in an sa rana in aiko masa, zai sa a yi min addu'a a masallacin unguwarsu.

Bayan wannan rana na daina ƙaryar maƙogwaro. Duk wanda ya miƙo sai in ce likita ya hana, za a yi min aiki. Yawancinsu sai su ce Allah ya ba da lafiya, su shiga ba ni labarin surukinsu da aka yi wa aikin tsakuwar ciki. Mutum biyu ba su sake sakar min fuska ba har na bar aikin, kuma takarduna a wurinsu sun ci gaba da kwana. Ban ce abin ya zo kyauta ba.

A farkon Disamba na koma wurin likitan inshora, dattijon nan mai farar riga. Ya ce in juye aljihuna a kan tebur, ban sani ba ko da gaske yake ko zolaya ce. Goro ne da asuwaki da tikitin bas. Ya ba ni kwalbar. Kwana biyar ɗin da suka biyo baya sun fi wata ukun tsawo. Da wasiƙar ta zo ban iya buɗewa ba, na miƙa wa matata wadda ba ta karanta Larabcin ofis, ta buɗe ta miƙo min ta ce, “Karanta mana, Malam, kai ne mai takardu.” An amince. Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka.

Saura kwana tara shekara ta ƙare aka yi aikin. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na sha wuya. Na yi makonni ina shan romo da cokalin shayi, na yi amai ba adadi kafin in koyi cewa loma uku ta ishe ni, kuma har yau in na ga ana cin tuwo da hannu baka hannu ƙwarya sai in ji wani abu. Amma ɗinkin ya kama, huhun ya ɗauka. Ustaz bai samu zuwa asibiti ba, ya aiko babban ɗansa da lemo cikin jakar takarda, lemon da ba ni da inda zan sa shi. Ɗan ya ce baban yana gida kwance, sanyin bana ya sauka masa a ƙirji.

Na ce in na miƙe zan je. Na miƙe, na koma aiki, aiki ya taru, na ce mako mai zuwa. Cikin watan Afrilu na hau bene shidan nan da ƙafata ba tare da na zauna a hanya ba, ina ɗokin Ustaz ya ga yadda kwat ke lilo a jikina. Wani na tarar a kujerarsa. Ya ce min jiya aka binne shi, yau ake zaman ta'aziyya bayan magariba.

A unguwarsu aka kafa rumfar, irin ta zane mai ado da suke tare titi da ita, kujeru jere, mai karatu yana karanta Alƙur'ani a lasifika. Na yi wa 'ya'yansa gaisuwa na samu wuri na zauna. Idan mai karatu ya tsaya hutawa, al'adarsu ce a zaga da gahawa marar sukari, a bi da taba. Babban ɗan ne da kansa ya ɗauko, yana bin layi, kowa yana zara. Ya iso gabana ya miƙo, idanunsa jawur.

“Itfaddal, ya Hajj.”

Na ɗora hannu a ƙirji na ce, “Na gode, ba na sha.”

Ya ce, “Allah ya saka da alheri da ka zo.” Ya wuce wurin na kusa da ni.

Shi ke nan, bai rantse ba, bai ɓata rai ba, ko dubana na biyu bai yi ba. Na zauna ina jin mai karatu ya ci gaba, hawaye suna zubo min, mutanen da ke gefena suna ta ba ni haƙuri don sun ɗauka ɗan'uwa ne na jini.